Akori-kurar Kaka a Hannun Ɗan Shekara 18: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Gida a Kano

Gidan, gonar da motar

Gidan da wannan nazari ya shafa yana cikin birnin Kano. Maigidan ɗan kasuwa ne da ke haɗawa da noman rani a yankin Kura, a filayen da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa. Tumatir ya fi nomawa, sai albasa. Daga ƙofar gidansa zuwa gonar tafiyar kimanin kilomita 40 ce. Mafi yawanta a kan babban titin Kano zuwa Zariya take, sauran kilomita biyar na ƙarshe kuwa hanyar burji ce mai gargada da ta bi gefen magudanar ruwa.

A rumfar ƙofar gidan akwai Peugeot 504 akori-kura da mahaifin maigidan ya saya sabuwa fil a tsakiyar shekarun 1980, cikin waɗanda ake haɗawa a Kaduna. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san irinta. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, masana'antar Kaduna kuma ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000, lokacin da Turawa suka daɗe da mantawa da ita. Injin fetur ne da ita mai silinda huɗu da kafireto, giya ta hannu, ƙafafun baya ke tura ta. Birkin gaba mai faifai ne, na baya mai ganga. Sitiyarinta ƙarfin damtse ke juya shi. Ba ta da jakar iska, ba ta da na'urar da ke hana taya maƙalewa idan an taka birki da ƙarfi, wato ABS. Tun rasuwar tsohon take ajiye, shekara huɗu ba a tayar da ita ba.

Babban ɗan gidan ya cika shekara 18, ya gama sakandare, yana jiran samun gurbin jami'a. Tun yana ɗan 15 yake ɗan taɓa tuƙi a gona idan manya sun ba shi, kuma babu abin da yake so a gidan kamar motar kakansa. Shi ya fara kawo shawarar a gyara ta ya riƙa jigilar tumatir, a huta da kuɗin haya.

Ra'ayi ya rabu uku. Maigidan ya yi na'am nan take. Hujjarsa ita ce yaro zai sami abin yi maimakon zaman majalisa, motar ba ta da gudun da zai ruɗe shi, kowane bakanike ya san cikinta, sannan ga ƙwarin jiki. "Da tsohuwar zuma ake magani," in ji shi. "Wannan ƙarfe ne na gaske. Motocin yanzu gwangwani ne, ɗan gogawa kaɗan sai su lotse." Uwar yaron ba ta yi musu a kan ƙarfe ba, titin ne ya tsaya mata a rai: "Alhaji, hanyar Zariya ba wurin koyo ba ce." Ƙanin maigidan kuwa, wanda yaron ke kira Baffa, cewa ya yi a sayar da ita a cika kuɗi a nemi ƙaramar mota ta zamani. Maganar sayarwa ba ta je ko'ina ba, domin Hajiya, kakar yaron, tana raye, kuma ba wanda zai iya tunkararta da batun sayar da motar mijinta.

Nuwamba da Disamba 2022: gyaran farko da lasisi

An ja motar zuwa garejin bakaniken gidan. An wanke kafireto, an sa sabon batir da fulogi, an canza tiyon lagireto da faifan kuloci, an juye baƙin mai. Inji ya tashi a rana ta biyu, ƙararsa lafiya lau, kowa ya yi murna. Daga nan aka shiga fenti, sabon kushin da rediyo, waɗanda suka cinye fiye da rabin kuɗin gyaran gaba ɗaya. Tayoyi huɗu na hannu aka sayo a Ƙofar Ruwa, zanensu da saura. Birki kuwa abin da aka yi masa bai wuce ƙara mai da fitar da iska ba. Aka zagaya unguwa, aka taka, ta tsaya, aka ce ya yi. Bel ɗin kujerar direba ya bushe ya ƙage, sai an ja da ƙarfi yake fitowa, na ɗaya kujerar kuma babu shi ma. Allurar da ke nuna gudu ba ta motsi, wayarta ta tsinke tun zamanin tsohon.

Ta fuskar doka gidan bai yi wasa ba. Shekara 18 ce mafi ƙarancin shekarun karɓar lasisin tuƙi a Nijeriya, kuma yaron ya bi ƙa'ida: makarantar koyon tuƙi, gwajin jami'an VIO, sannan ɗaukar hoto da yatsu a ofishin lasisi. Sai dai duk koyon a cikin gari aka yi shi, a ƙaramar mota mai laushin sitiyari, a gudun da bai kai kilomita 50 a awa ba. Ba a taɓa sa shi ya taka birkin gaggawa ba, bai taɓa tuƙi a jiƙaƙƙen titi ba, bai taɓa jin yadda bayan mota ke zamewa ba.

Janairu zuwa Maris 2023: kakar tumatir

Makonnin farko sun tafi daidai. Maigidan ya nemo tsohon direban mahaifinsa, dattijo da ya haura 60, ya zauna a gefen yaron. Tsarin aikin kullum ɗaya ne: a fita bayan asuba da mota ba kaya, a yi lodin kwanduna a gona, a kai kasuwar Kwanar Gafan ko kuma a shigo da su 'Yan Kaba, a koma gida ba kaya. Dattijon ya koya masa abubuwan da makaranta ba ta koyar ba, irin su rage gudu da giya kafin a kai kwana, barin tazara mai yawa a bayan tirela, da ɗaure kwanduna yadda nauyi zai zauna a tsakiya.

A watan Fabrairu ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira ya kai maƙura. Masu sarin tumatir ba su da tsabar kuɗi, kaya ba ya jira, farashi ya faɗi warwas. Maigidan ya shiga rage kashe kuɗi, kuma cikin abin da ya yanke har da sallamar dattijon. A ganinsa yaro ya riga ya iya. Ya kafa masa dokoki uku da baki: kada ya wuce 70, kada magariba ta yi masa a hanya, kada ya ɗauki kowa a baya. Ta farkon ba ta da ma'auni, tunda allurar gudu a mace take. Sauran biyun kuma babu mai gani.

Yaron ya yi ƙoƙari ƙwarai a wannan lokaci, kuma adalci ne a faɗa. Bai taɓa fashin aiki ba. Ya iya canza taya, ya iya goge fulogi, ya san ƙarar injin da ke neman ruwa. Da bel ɗin fanka ya tsinke masa a hanya shi ya ɗaura wani da kansa. Amma ya riƙa faɗin wasu abubuwa a gida da ba a ɗauka da muhimmanci ba: motar tana ja hagu idan ya taka birki, sitiyari yana da wasa, fitilu ba sa huda hazo da asuba, kuma idan ba kaya bayanta yana tsalle a kan gargada. Amsar da ya samu ita ce haka tsofaffin motoci suke, zai saba.

Akwai wani lissafi da ba wanda ya yi a lokacin. Cikin zango uku na kowace rana, ɗaya ne kawai motar ke ɗauke da kaya. An ƙera sifirin bayanta ne don ya ɗauki nauyin da ya kai tan guda, kuma a ƙarƙashin lodi take zama daram, tayoyin baya su kama ƙasa, gudu ma ya ragu da kansa. Sauran zango biyun, waɗanda su ne mafi tsawo a kan kwalta, tana tafiya ne da baya sakayau, kuma a nan ne direba ya fi samun damar sakin ƙafa.

Afrilu da Mayu: yawon Sallah da ƙusar totur

An yi Ƙaramar Sallah ranar Juma'a 21 ga Afrilu. Washegari yaron ya ɗauki abokansa shida a baya suka fita yawon Sallah a cikin gari. Ba gudu yake yi ba, waɗanda ke wurin sun ce bai fi 40 ba. Wani mai adaidaita sahu ya tsaya a gabansa ba sigina, ya taka birki, motar ta tsaya ba ta taɓa kowa ba. Amma na baya ba su da abin riƙewa. Suka taru suka yi gaba, ɗaya da ke tsaye ya tokare ƙarfen bayan kai da hannu, ya karye a tsintsiyar hannu.

Maigidan ya biya kuɗin magani, ya je ya ba iyayen yaron haƙuri, ya karɓe makulli mako biyu. Da zai mayar, sai ya sa bakanike ya ɗaura ƙusa a ƙarƙashin totur don kada ya taku har ƙasa. Dabara ce da wasu masu motocin haya ke yi wa yaransu.

Ba ta yi aiki ba. A shimfiɗaɗɗen titi, a giya ta huɗu, rabin totur ma yana kai mota 80 idan aka ba ta lokaci, a gangara kuma ƙusa ba ta da ta cewa. Abin da ta rage shi ne ƙarfin fizga, wanda direba ke buƙata lokacin da zai hau babban titi daga mahaɗa. Wata safiya a watan Mayu yaron ya fito daga wurin juyawa, ya hangi tirela da nisa, ya shiga, ya taka, motar ta ƙi ɗagawa. Direban tirelar ne ya kauce, yana danna ham. Da yaron ya dawo ya ce, "Baba, ƙusar nan sai ta kashe ni," aka cire ta a ranar. Ita kuma matsalar da ta jawo aka sa ta, wato ɗaukar abokai, dama ba ruwanta da totur.

Yuni: ranar ruwan sama

A farkon damina, wata rana da la'asar, yana dawowa daga gona ba kaya, an yi yayyafi an ɗauke. Irin wannan ruwan ya fi mamakon ruwa haɗari, domin yana taso da ƙura da man da suka kwanta a kan kwalta tsawon rani ba tare da ya wanke su ba. Titin kuwa sabon gyara ne, sumul, irin wanda ke ɓoye wa mutum gudun da yake yi. Yaron ya ce yana jin bai wuce 70 ba. Wani direban bas da ke bayansa, wanda ya tsaya taimako, ya ce shi a 90 yake kuma ba ya cim masa.

Wani mai babur ya tsallako daga wurin juyawa. Yaron ya danna birki iya ƙarfinsa. Tayoyin baya suka maƙale, bayan motar ya zagayo ta dama, ya murɗa sitiyari, ta ƙwace, ta yi katantanwa ta daki shingen kankare na tsakiyar titi da gefen gaba. Mai babur ya wuce lafiya. Yaron bai ɗaura bel ba, domin ya daina fama da shi tun watan Maris. Ƙirjinsa ya daki sitiyari, goshinsa ya daki gilas. A asibiti aka ga tsagewar haƙarƙari biyu, aka yi masa ɗinki a goshi, ya kwana uku. Allah ya taƙaita, babu mota kusa a hannun da ya faɗa.

Motar ba ta ji jiki sosai ba: bamba ta lanƙwashe, fitila ɗaya ta fashe, gefen gaba ya ɗan shiga. Masu zuwa jaje suna tsayawa a rumfa suna shafa ta suna cewa, "Ka ga ƙarfen da! Da ta yanzu ce da sai dai a kai ta 'yan gwangwan."

Yuli: abin da bincike ya nuna

Baffan yaron ne ya dage a kai motar wurin wani bakanike daban, tsohon ma'aikacin masana'antar Kaduna, a ce masa ya duba komai ba inji kaɗai ba. Ya ɗaga ta, ya kwance ƙafafu huɗu, ya kira maigidan ya zo ya gani da idonsa.

Man birkin ya yi baƙi. Irin wannan mai yana shan danshin iska, shi ya sa ake so a juye shi duk shekara biyu, wannan kuwa ba wanda ya tuna ranar da aka juye shi. Birkin gaba na dama ya ci tsatsa, da ƙyar yake kamawa, dalilin jan hagun da yaron ya yi ta faɗa ke nan. Tiyoyin roba sun tsattsage. Mafi muni shi ne wani ɗan bawul da ke kusa da gatarin baya. Aikinsa shi ne ya ji nauyin da ke kan mota, ya rage ƙarfin birkin baya idan ba kaya, ya ƙara idan an yi lodi. An tarar wani ya daɗe da tsallake shi ya haɗa bututu kai tsaye. Ma'ana, ko da kaya ko babu, tayoyin baya cikakken ƙarfi suke samu. Da birkin gaba mai rauni, da na baya mai kamawa fiye da kima, da baya mara nauyi, da jiƙaƙƙen titi, duk abin da zai sa mota ta juya ya haɗu a wuri ɗaya. Tayar da ta maƙale ba ta riƙe hanya ta gefe, kuma idan na baya ne suka riga maƙalewa, baya ne zai nemi ya wuce gaba.

Bakaniken ya nuna wa maigidan lambobi huɗu da ke jikin kowace taya, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Biyu daga cikin tayoyin sun haura shekara goma. Zane yana nan, amma robar ta ƙeƙashe, ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Sannan ya ɗaga tabarmar ƙasa ya soka sukundireba kusa da inda bel ke ɗaure, ta shige. Ko da yaron ya ɗaura bel ɗin, babu tabbas maɗaurin zai riƙe shi.

Maigidan ya ce duk ya ji, amma dai jikin motar ya ceci ɗansa. Bakaniken ya amsa masa da harshen sana'arsa: "Alhaji, in ka sa tumatir a akwatin ƙarfe ka jefar, akwatin ba zai lotsa ba. Tumatirin za ka duba." Motocin zamani da gangan ake yin gabansu ya murƙushe, domin murƙushewar tana shanye ƙarfin karo tana tsawaita lokacin tsayawa, ɗakin da mutane ke ciki kuma a ƙarfafa shi kada ya shigo. Baffan ya nuna wa yayansa a waya wani gwaji da cibiyar binciken haɗarin mota ta Amurka, IIHS, ta yi a 2009, inda aka haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, kowace tana gudun kimanin kilomita 64 a awa. Tsohuwar, duk girmanta, ɗakin direbanta ya rufta, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin da ke ciki, sabuwar kuwa ɗakinta ya tsaya. 504 ta fi waccan tsohuwar tsari nesa ba kusa ba, ƙirar ƙarshen shekarun 1960 ce mai kyau a zamaninta. Amma ita ma an zana ta kafin ABS na zamani ya shigo motoci a 1978, kafin jakar iska ta zama ruwan dare, kafin na'urar hana zamewa ta ESC da ta fito a 1995, wadda Amurka ta wajabta wa sababbin motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014. Wannan ta ƙarshen an yi ta ne domin irin abin da ya sami yaron: tana jin bayan mota ya fara zagayowa sai ta kama birkin taya ɗaya ta daidaita ta kafin direba ya ankara.

Agusta da Satumba: gyara na biyu da gwajin fili

A wannan karon ba a taɓa fenti ba. An sabunta birki gaba da baya har da bututu da tiyo, an nemo bawul ɗin an mayar da shi, an canza mahaɗan sitiyari da shokozoba, an sa sababbin tayoyi huɗu masu kwanan wata na kusa. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ƙasa ya sa sabo, aka ɗaura bel mai kama kafaɗa da ƙugu a kujeru biyu. An gyara allurar gudu da wayoyin fitila. Kuɗin ya zarce na gyaran farko, ya kuma zarce abin da za a saya motar a kasuwa.

Da yaron ya warke, Baffansa da bakaniken suka kai shi wani fili da sassafe. Suka ja layi a ƙasa, ya riƙa tahowa a 50 yana danna birki a kan layin, da akori-kurar ba kaya, da kaya, sannan da Corolla ɗin Baffan mai ABS. Bayan gyara motar ta daina ja gefe, tana tsayawa a miƙe. Duk da haka ta fi Corolla cin ƙasa da kusan tsawon mota guda, kuma da aka watsa ruwa a wurin tazarar ta ƙaru. Abin da ya fi ba yaron mamaki shi ne a Corolla yana iya danne birki yana kuma kaucewa, a tasa kuwa da tayoyin gaba sun maƙale sitiyari ya zama ado, motar gaba kawai take yi. A nan ya fara koyon sassauta ƙafa idan ya ji taya ta fara kuka. Baffan ya yi masa lissafi a takarda: a 90 mota na cin mita 25 kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafa ta kai kan birki, kuma nisan da birki ke buƙata a 90 ya ninka na 60 fiye da sau biyu.

An gwada zuba buhunan yashi a baya don ƙara nauyi. Da farko an bar su a sake, suna zamewa gaba da baya, abin ya ƙara dagulewa. Da aka ɗaure su a saman gatari motar ta fi zama. Amma sai an sauke su kafin lodi, a mayar bayan an sauke kaya, ba a jima ba aka gaji aka bari. Ga kuma mai. Tun da aka sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma injin kafireto ba ya tausayin aljihu. Zuwa gona da komowa da mota ba kaya ya zama asara a fili.

Daga Oktoba 2023: tsarin da ya ɗore

Tsadar man ce, fiye da hujjojin kowa, ta sa maigidan ya yarda motar ta koma gona da zama. Ana ajiye ta a gidan mai kula da gonar, makulli a hannunsa. Yaron yana zuwa a motar haya, ya karɓi makulli da safe ya mayar kafin la'asar. Aikinsa shi ne kilomita biyar ɗin burji: taki, iri, injin ban-ruwa, kwanduna zuwa bakin titi. A wannan hanya gargada ba ta barin kowa ya wuce 30 ko 40.

Duk tafiyar da za ta hau babban titi, dattijon direban da aka dawo da shi ke riƙe sitiyari, yaron a gefensa da bel a ɗaure. Bayan wata biyu suka fara musanya, da rana, ba ruwa, da kaya a baya. Tuƙin babban titi na sosai kuwa a Corolla yake koyonsa, Baffansa na gefe, ranakun da za su je Zariya ko Wudil.

Kakar tumatir ta 2024 ta zo ta wuce ba karo ba rauni. Motar ta lalace sau da dama, kafireto da famfon mai da sauransu, kullum a cikin gona, inda lalacewa ba ta wuce ɓata lokaci. Yaron ya sami gurbin karatu, yanzu sai hutu yake hawa ta.

Hukunci

Tsohuwar akori-kura ba ta dace da zama motar yau da kullum ta sabon direba a kan babban titi ba, ko an gyara ta iya gyara. Gyara na biyu ya mayar da ita yadda ta fito daga Kaduna, kuma ya zama dole, amma iyakarsa ke nan. Babu bakaniken da zai ɗaura mata ɗakin da ba ya ruftawa ko na'urar da ke gyara kuskuren direba. Sabon direba kuwa kuskure zai yi, komai hankalinsa. A Amurka, inda ake tattara alƙaluma da kyau, direbobi 'yan 16 zuwa 19 suna shiga haɗarin da ke kisa kusan ninki uku na waɗanda suka kai 20 zuwa sama, idan aka auna da nisan tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wanda ya fi kowa yiwuwar kuskure shi aka ba motar da ta fi kowace rashin yafiya, aka kuma cire masa dattijon da ke rufe wannan giɓi a daidai lokacin da ya fara jin ya iya. A ganina wannan sallamar ta watan Fabrairu ita ce shawara mafi tsada a duk lamarin, ta fi ta tayoyin hannu.

Ba a komai maigidan ya yi kuskure ba. Gaskiya ne motar ta koya wa ɗansa aiki, ta ba shi sana'ar hannu da ba zai samu a motar zamani ba, kuma a hanyar gona har yau babu kamarta. Inda lissafinsa ya karkace shi ne ɗaukar ƙwarin bodi a matsayin kariya, da ɗaukar cewa motar da ba ta da gudu ba ta da haɗari. 90 ba gudun tsere ba ne, amma ya ishi karya haƙarƙari.

Dokokin baki da ƙusar totur sun faɗi ne domin dukansu sun dogara da abin da yaro zai yi lokacin da ba kowa. Tsarin ƙarshe ya tsaya domin bai jingina da alƙawari ba: motar tana nesa da abokai, makulli yana hannun wani, hanyar da kanta ke ƙayyade gudu, kuma duk inda haɗari ya yi yawa akwai babba a gefe. Wanda ke da irin wannan mota kuma ba shi da halin wata, abin da zai fara kashe wa kuɗi shi ne birki, taya, bel da ƙarfen da bel ke ɗaure a jiki, kafin ya tuna da mai fenti.

Abu ɗaya har yanzu bai gyaru ba a gonar. Idan an tashi aiki, leburori maza da mata sukan ɗare bayan motar a kai su bakin titi, wasu a zaune a kan gefen bodi, ƙafafu a waje. Gudun kaɗan ne, amma a irin wannan gudun ne abokin yaron ya karye a watan Afrilu, kuma gefen hanyar magudanar ruwa ce mai zurfi. An yi wa maigidan magana, ya ce ba zai iya kallon mutanen da suka yini a rana suna taka kilomita biyar a ƙasa ba. Hujjarsa ta tausayi ce, amma abin da ya kamata shi ne a sa benci da ƙarfen riƙewa a ciki, a hana zama a gefe, kuma a irin wannan jigilar dattijon ya tuƙa, ba yaron ba.